Babi na 6: Ranar da Mai Kula Ba Ta Zo Ba

A tsakiyar watan Janairu na 2013, jami'an shige da fice na Birtaniya suka kai samame ofishin wani ƙaramin kamfani a kudancin Landan. Sana'ar kamfanin ita ce tura ma'aikata gidajen tsofaffi da masu larura, su tashe su da safe, su yi musu wanka, su ba su abinci da magani, da dare su koma su kwantar da su. Ana zargin kamfanin da ɗaukar mutanen da ba su da izinin aiki a ƙasar, don haka daga ranar aiki ya tsaya cak. Aka miƙa wa hukumomin jin daɗin jama'a na yankin sunayen waɗanda kamfanin yake yi wa hidima, domin a sama musu wasu masu kula. A cikin sunayen har da na wata dattijuwa 'yar shekara 81 da ke zaune ita kaɗai a gundumar Surrey, wadda ciwon mantuwa ya riga ya kama. Sunanta yana kan takarda, amma ba a tura mata kowa ba. Sai da ta kwana 9 ba mai shiga ba mai fita, sannan wata nas da ta zo duba ta ta same ta kwance, ƙishirwa ta ci ƙarfinta, jikinta ya yi gyambo. Aka kai ta asibiti, ta rasu a farkon Fabrairu. Da aka zauna binciken musabbabin mutuwarta a 2014, hukuncin da aka yanke shi ne akwai hannun sakaci a ciki.

Idan aka yi zancen cutar da tsofaffi, wanda ya fi saurin faɗowa a rai shi ne mugun ma'aikaci: mai mari, mai tsawa, mai yashe asusun tsohuwa. Akwai irinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na waɗanda suka kai shekara 60 sun gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, a cikin gidaje da unguwannin da suke zaune. Amma duk wanda ya bi diddigin yadda aikin kula a gida yake lalacewa zai tarar ɓarna mai yawa tana shigowa ne ta abin da ba a yi ba. Ziyarar da aka tsallake, ƙwayar da ba a bayar ba, kofin ruwan da aka ajiye inda hannu ba ya kaiwa, jikin da ya wuni a gefe ɗaya. A asibiti, in nas ba ta zo aiki ba, kafin hantsi kowa a ɗakin ya sani. A gida kuwa mutum biyu ne kaɗai suka san abin da ya gudana bayan an tura ƙofa, kuma ɗayansu sau da yawa ba ya iya tunawa, ko ba ya iya magana, ko yana tsoron in ya yi ƙorafi yau gobe a ƙi zuwa. A ganina, duk wata ƙa'ida mai amfani a wannan aiki ƙoƙari take yi ta sa wannan rashin ya fito fili da wuri, tun ana iya gyarawa.

Na ɗauki Ingila misali ne saboda ta daɗe tana kokawa da matsalar a bainar jama'a, kuma dubban 'yan Najeriya suna cikin masu yin aikin a can yanzu haka. Ƙaramar hukuma ce take auna buƙatar mutum. In dukiyarsa ba ta kai wani mizani ba, sai ta biya masa kuɗin kula, duka ko wani kaso. In yana da hali, ya biya da kansa. Sai dai ba kasafai hukumar take tura nata ma'aikatan ba. Awoyi take saye daga kamfanoni masu zaman kansu, kuma mafi yawansu ƙanana ne. Sau da yawa wata nas ce da ta bar aikin asibiti ta buɗe, ko wadda ta daɗe tana aikin kula a ƙarƙashin wani: ɗaki ɗaya a saman kanti, waya, da 'yan ma'aikata masu zagaye unguwanni a mota ko a bas.

Komai ƙanƙantar kamfanin, muddin zai taɓa jikin mutum da wanka ko sa tufafi ko kai shi bayan gida, dole ya yi rajista da hukumar sa ido kan ingancin jinya da kula, wadda aka fi sani da CQC. Ta fara aiki a 2009, kuma yin wannan sana'a ba rajistarta laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Ƙa'idojin da ake bi yanzu an rubuta su a 2014, suka fara aiki a Afrilun 2015. Sun biyo bayan abin kunyar asibitin Stafford ne, inda binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta ya fito da rahotonsa a 2013 kan yadda aka bar marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa. Dole kowane kamfani ya kasance da manaja mai rajista, mutum guda da aka san sunansa, wanda doka za ta riƙe in abu ya lalace. Kafin a tura ma'aikaci gidan kowa sai an bincika tarihinsa a hukumar DBS, da aka kafa a 2012, a ga ko ya taɓa aikata laifi ko an taɓa haramta masa aiki da masu rauni. A 2013 kuma bitar da Camilla Cavendish ta yi ta nuna cewa babu wani horo na bai ɗaya da ake ba irin waɗannan ma'aikata, shi ya sa a 2015 aka fito da takardar shaidar horon farko mai darussa 15. Idan CQC ta duba kamfani, tambayoyi 5 take yi: ko mutane suna cikin aminci, ko aikin yana biyan buƙata, ko ana yinsa da tausayi, ko ana sauraron mai buƙata, ko shugabancin yana da kyau. Sai ta ba shi ɗaya daga cikin matakai 4, daga na ƙoli zuwa na wanda ya gaza, kuma dole ya kafa sakamakon inda jama'a za su gani.

A cikin ƙa'idojin duka, wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce ta wajabcin faɗin gaskiya. In aka yi kuskuren da ya yi wa mutum illa mai girma, kamfanin ba shi da damar yin shiru ya jira ko za a gano. Dole ya je ya faɗa wa mutumin ko wakilinsa, ya bayyana abin da ya faru, ya ba da haƙuri, da baki kuma a rubuce. Wanda ya taɓa jinyar nasa a hannun wasu ya san zafin ya tarar da kumburi a goshin mahaifiyarsa, ya tambaya, kowa ya ce bai sani ba.

To amma ta yaya ake duba aikin da ake yi a bayan dubban ƙofofi? Sufeto yana iya shiga gidan tsofaffi ba sanarwa, ya shaƙi warin ɗakuna, ya ga yadda ake ba da abinci. Gidan mutum kuwa gidansa ne, ba a faɗa masa sai da izini. Saboda haka mafi yawan binciken a ofis yake ƙarewa: a karanta fayil, a buga wa tsofaffi da iyalansu waya, a zanta da ma'aikata, a leƙa 'yan gidajen da suka yarda. Wannan ne ya sa rubutu ya yi nauyi ƙwarai a sana'ar. Akwai takardar tsarin kula, wadda take faɗin abin da mutum yake buƙata da yadda yake so a yi masa. Akwai takardar magani, mai sunan kowace ƙwaya da yawanta da lokacinta, da gurbin da mai bayarwa za ta sa hannu, da alamar da za ta rubuta in mutum ya ƙi sha. Akwai littafin kullum, inda ake rubuta me ya ci, nawa ya sha, ya yi bayan gida ko bai yi ba. Kamfanoni da yawa yanzu da waya suke wannan: ma'aikaciya ta danna in ta shiga, ta danna in ta fita, in lokaci ya wuce ba ta danna ba ofis ya samu ƙararrawa.

Ma'aikata suna ƙorafin yawan rubutun, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, don akwai wuraren da ake cike takarda a cikin mota bayan an fito, a rubuta an yi abin da ba a yi ba. Duk da haka ni ina bayan rubutun. Tsohon da mutum huɗu suke shiga wurinsa a wuni ɗaya, babu ɗaya daga cikinsu da ya ga wunin duka. Ta safe ta ga ya bar rabin shayi, ba ta ɗauke shi komai ba. Ta rana ta ga bai taɓa ruwa ba, ta ce ƙila sanyi ne. Ta dare ta ga ya ɗan rikice, ta ce tsufa ne. Sai an jera ukun a shafi ɗaya sannan a gane mutum ne da ruwan jikinsa yake ƙarewa, ko ciwon mafitsara ya kama shi, wanda a jikin tsoho sau da yawa da rikicewar hankali yake fara bayyana kafin zazzaɓi. Haka magani. Farasitamol sai an bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. In ziyarar safe ta makara zuwa ƙarfe 11, ta rana kuma ta zo ƙarfe 1, mai zuwa ta biyu ba za ta san ta haɗa masa biyu kusa da juna ba sai in ta farko ta rubuta lokacin gaskiya. Mai cutar karkarwar jiki ta Parkinson kuwa, jinkirin maganinsa kaɗai ya isa ya sa jikinsa ya ƙage har ya kasa haɗiya.

Sauran ƙa'idojin na jiki ne, kuma kowacce an biya kuɗinta da wahalar wani kafin a rubuta ta. Ruwan wankan mai rauni kada zafinsa ya wuce digiri 44, domin fatar tsoho siririya ce, kuma mai ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ba lallai ya ji ƙuna ba sai ta riga ta yi. Na'urar ɗaga mutum daga gado da majanyin da ake rataya shi a ciki, wata doka ta 1998 ta ce ƙwararre ya duba su duk wata 6. Inda aka rubuta mutum biyu ne za su ɗaga, kada ɗaya ta yi ƙarfin hali don abokiyar aikinta ta makara. A nan ake karya ƙugun tsofaffi, a nan kuma bayan ma'aikata yake lalacewa. Wanda ba ya iya motsi da kansa, cibiyar NICE mai fitar da jagororin jinya ta ce a sauya masa kwanciya aƙalla duk awa 6, in haɗarinsa ya yi yawa duk awa 4, don kada nauyin jiki ya toshe jini a ƙugu da ƙasan gadon baya da dunduniya, fata ta mutu ta zama gyambo. Akwai kuma wadda mutane da yawa ba su taɓa ji ba. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta sha gargaɗi cewa man shafawar da ake yi wa tsofaffi saboda bushewar fata yana jiƙa tufafi da zanen gado ya bushe a ciki, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma irin wannan yadi da ya haɗu da wuta yakan kama nan take. A can taba sigari da hita ne suke jawo gobarar. Mu da muke shafe tsofaffinmu da basilin da hunturu, mu kuma ajiye musu kaskon garwashi kusa da shimfiɗa, gargaɗin ya fi shafarmu.

Dokar 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara ta ƙara wani abu da yake ɗaure wa sababbin ma'aikata kai. Ana ɗaukar kowane baligi a matsayin mai hankalin kansa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma yana da damar ya zaɓi abin da wasu suke ganin wauta ce. In dattijo ya ce yau ba zai yi wanka ba, ba a tilasta shi. A lallashe shi, in ya ƙi a rubuta, in abin ya yi ta maimaituwa a sanar da ofis. Murƙushe ƙwaya a ɓoye ta cikin abinci kuwa ba hurumin mai kula ba ne ko na 'ya'ya. Sai an tabbatar mutumin ba ya iya fahimtar shawarar, likita da mai haɗa magani da iyali sun zauna sun amince.

Duk waɗannan suna cin lokaci, kuma a kan lokaci ne tsarin Ingila ya fi yin tuntuɓe. A 2011 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta yi bincike na musamman kan kula da tsofaffi a gida. Ta samu mutane da yawa da suka gamsu da masu kula da su, ta kuma samu waɗanda ake ajiye wa abinci a gaba alhali ba sa iya kai shi baki, da waɗanda ake kwantarwa tun da sauran rana saboda haka jadawalin ma'aikaci ya ba da dama. A 2013 ƙungiyar agaji ta Leonard Cheshire ta tayar da ƙura kan ziyarar minti 15 da ƙananan hukumomi suke saye don rage kashe kuɗi. A lissafa: buɗe ƙofa, gaisuwa, wanke hannu, sa safar hannu, ɗaga mutumin da tafiya daga gado zuwa bayan gida take ɗaukarsa minti biyar. Me ya rage na shayi da magani da rubutu? A 2015 NICE ta ce kada ziyara ta gaza rabin awa, sai in mai zuwan sananniya ce ga mutumin, ziyarar tana cikin wani tsari mafi faɗi, kuma aikin ɗan taƙaitacce ne da zai yiwu a lokacin.

Sannan ga tafiya tsakanin gida da gida. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin ma'aikata ta yanke a 2013 cewa wannan lokaci aiki ne, dole ya shiga lissafin mafi ƙarancin albashi. Amma in kamfani yana karɓar kuɗin mintocin cikin gida kaɗai, sai ka ga jadawalin da ziyara ɗaya take ƙarewa ƙarfe 8, ta gaba tana farawa ƙarfe 8 a wata unguwa. Ma'aikaciya ba ta da fiffike. Daga lokacin tsofaffin za ta gutsura. Ƙungiyar kamfanonin kula a gida ta Birtaniya tana fitar da mafi ƙarancin farashin da take ganin zai isa a biya albashi bisa doka, da kuɗin mai, da horo, da ofis. Na shekarar da ta fara a Afrilun 2024 a Ingila fam 28.53 ne a awa, kuma ƙananan hukumomi da yawa ƙasa da haka suke biya. Gwamnatin da ta rubuta ƙa'ida da hannun dama, ta kuma hana kuɗin cika ta da hannun hagu, ita ma tana da kaso a duk ziyarar da aka yanke.

A nan ne ƙaramin kamfani yake da abin da babba ba shi da shi. Mai kamfanin ta san kowane tsoho da sunansa, ta san wanda ba ya son a taɓa masa rediyo, ta san wadda ɗanta ba ya ɗaga waya sai da dare. Fuska ɗaya ko biyu ne suke zuwa kullum, kuma wannan kansa kariya ne: wadda ta saba da mutum ita take gane yau tafiyarsa ta sauya, ko murmushinsa ya karkace. Ga mai ciwon mantuwa, baƙuwar fuska a ɗakin kwanansa da sassafe abin firgita ne. A garuruwa irin su Birmingham da Bradford, ƙananan kamfanoni ne sukan fi iya sama wa tsohuwa Musulma mace mai jin harshenta, wadda ta san alwala da lokutan salla da abincin halal.

Raunin kuma daga wuri ɗaya yake fitowa. Mace ɗaya ce manaja, ita ce mai tsara jadawali, ita ce mai riƙe wayar dare, in wata ta kwanta rashin lafiya ita ce mai ɗaukar jaka ta tafi gidan. Lamarinta kamar na uwar adashen da ba ta rubutu ne: muddin tana tsaye lissafi daidai yake, ranar da ta kwanta ba wanda ya san wa ya zuba, wa zai kwasa. In ta shiga zagayen gidaje, duba takardun magani da sa ido kan sababbin ma'aikata ne suke fara tsayawa, don su ne ba sa kuka. In ma'aikatan 'yan uwanta ne ko ƙawayenta, ƙorafi a kan ɗaya daga cikinsu hannunta zai dawo. Tambayoyin da ya kamata iyali su yi wa irin wannan kamfani ba su da wuya: in mai kula ba ta iso ba, cikin minti nawa za ku sani? Wa zai maye gurbinta? In an ƙwanƙwasa ba a buɗe ba, me kuke yi, wa kuke kira? In ke kanki kin yi tafiya, wa yake riƙe da wayar? Kamfanin da ya yi jim kafin ya amsa ya riga ya ba da amsa.

Ƙarancin ma'aikata ne ya jawo 'yan Najeriya cikin labarin da yawa. A shekarar 2021 zuwa 2022 guraben da ba kowa a aikin kula da manya a Ingila sun kai kimanin 165,000. A Fabrairun 2022 gwamnati ta buɗe wa masu aikin kula daga ƙasashen waje ƙofar biza, Indiya da Najeriya da Zimbabuwe suka zama kan gaba. Da yawa sun samu wuraren kirki, sun riƙe aikin da amana. Wasu kuwa sun sayar da filaye da motoci sun biya dillalai dubban fam, suka sauka suka tarar ba awoyin aikin da aka yi musu alkawari, ko kamfanin ma suna ne kawai a takarda. Bizar tana ɗaure ne da kamfanin da ya ɗauki nauyin mutum. In ya rasa aikin, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani ko ya bar ƙasar. Ma'aikatar cikin gida ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin ɗaukar baƙi na kamfanonin kula sama da 470. A Maris na 2024 aka hana sababbin masu zuwa tahowa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje. An fi kallon wannan ta fuskar zaluncin da aka yi wa ma'aikata, kuma zalunci ne. Amma tsohon da ke kan gado shi ma abin ya shafe shi kai tsaye. Duk tsarin kariyar ya dogara ne ga ma'aikaciyar da za ta buɗe baki ta ce an tura ni ni kaɗai inda ake buƙatar biyu, ko ba a koya mini wannan na'urar ba. Wadda zamanta a ƙasa yake hannun mai gidanta, ga bashi a gida yana jiranta, da wuya ta faɗa.

Mai sa idon ita ma ta yi rauni. Bitar da Dakta Penny Dash ta yi wa CQC a 2024 ta gano cewa kusan 1 cikin 5 na wuraren da hukumar take da ikon dubawa ba a taɓa ba su sakamako ba, wasu kuma sun yi shekaru da yawa ba a koma ba. Takardar yabon da ke manne a bangon ofis tana iya zama ta riga duk ma'aikatan da ke aiki a wurin yau zuwa.

A wurinmu har yanzu jinyar tsoho a hannun iyali take, kuma mafi yawa a hannun mata: 'ya, suruka, ƙanwa, jika. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. 'Ya'ya sun watsu Abuja da Legas da ƙasashen waje, matan gida da yawa suna fita aiki, mutane suna rayuwa shekaru bayan hawan jini ya kayar da su. A Kano da Kaduna da Jos yanzu ba abin mamaki ba ne a ɗauki wani a riƙa biyansa don ya zauna da Baba ko Hajiya. Hukumomi sun fara motsi. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi a 2012. An yi dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa ta 2017, cibiyar ta fara aiki a 2021. Kano tana da PHIMA, Legas tana da HEFAMAA, masu sa ido kan wuraren jinya masu zaman kansu. Sai dai matar da aka samo ta hannun dillaliya, ko yarinyar aikin da aka ƙara wa jinya a kan shara da wanke-wanke, ba ta cikin rajistar kowa, kuma ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake juya mutum ko yadda ake zaunar da mai shanyewar ɓarin jiki tsaye kafin a ba shi kunu don kada ya sarƙe.

Ba na ganin za mu kwafo tsarin Ingila da ofisoshinsa, kuma ba sai mun jira gwamnati ba kafin mu ɗauki abin da ya fi amfani a cikinsa. Littafi ɗaya na makaranta a gefen gado ya isa a rubuta magani da lokaci da sunan wanda ya bayar. A ji daga bakin gidan da mai kula ta yi aiki a baya, ba daga bakin wadda ta kawo ta kaɗai ba. A faɗa mata iyakarta ƙarara: allura da sa robar fitsari da ƙarin ruwa aikin wanda ya karanta ne, ba nata ba, ba kuma na kowane mai kemis ba. A biya ta a kan lokaci, a ba ta ranar hutu da wanda zai karɓe ta, domin wadda ta yi wata guda tana tashin dare ita kaɗai ba za ta rasa yin kuskure ba, komai kirkinta.

Cikar gidajenmu ni'ima ce, maƙwabta suna shiga, 'yan dubiya ba sa yankewa. Amma gida mai jama'a yana da tasa makantar. "Ai na zaci Yaya ta ba shi," in ji ɗaya, ɗayar ta ce, "Ni kuwa na ga kin shiga da ruwa." Ko a tsallake ƙwayar, ko a ba da ita sau biyu. Sai kuma kunya. Ɗa ba zai buɗe bayan mahaifiyarsa ba, 'ya ba za ta duba ƙugun mahaifinta ba, tsohon shi ma ba zai faɗa ba. Masu dubiya su cika ɗaki, a yi addu'a, a ce "Sannu Baba, Allah Ya ƙara sauƙi," a ga fuska fes da farar riga, alhali a ƙarƙashin zane fata tana mutuwa. Sau da yawa wari ne yake tona gyambon kwanciya, kuma kafin ya kai ga wari ya riga ya ci nama. Dole a ware mutum guda da tsohon ya yarda da shi, mace ga mace, namiji ga namiji, wanda aikinsa ne kullum lokacin wanka ya duba ƙasan gadon baya da ƙugu da dunduniya da gwiwar hannu da bayan kai. Kada ya jira ganin ja, domin hotunan da ke yawancin littattafan horo na farar fata ne. A baƙar fata wurin yakan ƙara duhu ne ko ya yi shuɗi-shuɗi ko ya riƙa sheƙi, in aka taɓa a ji ya fi kewayensa zafi ko sanyi, ko tauri ko laushi, mai shi kuma yakan ce yana masa ciwo. Da an ga haka a ɗauke nauyi daga wurin, kada a murza shi, a sa matashi yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba, a kuma nemi nas ko likita a ranar, tun fatar ba ta fashe ba.